Moda Mai Gefen Rawaya: Amanar da Malam Ya Bar Mini

Jawabin da aka gabatar a taron shekara na ƙungiyar tsofaffin ɗalibai

Malam Shugaban Ƙungiya, iyayenmu malamai da suka daure suka zo duk da nauyin shekaru, yayyenmu da ƙannenmu na wannan makaranta, da ku 'yan ajinmu da na hango kun taru can baya kamar yadda kuka saba tun muna aji ɗaya.

Ranar da Sakatare ya bugo mini waya ya ce kwamiti ya ɗora mini jawabin bana, na tambaye shi a kan me zan yi magana. Ya ce, "Kai da ka ƙare ƙuruciyarka a aikin gona, ai ba ka rasa abin faɗa ba." Na gane abin da suke so, wato in zo in yi bayani a kan tsadar taki, ko yadda mutum zai kama kiwon kaji idan ya ajiye aiki. To, ku gafarce ni, ban zo da ko ɗaya daga cikinsu ba. Wannan tukunya da kuka ga na shigo da ita a rungume, har wani daga baya yana tambaya ko fura ce a ciki, ita ce jawabina.

Duk wanda ya ɗauki darasi a ɗakin gwaje-gwaje na kimiyyar halittu a zamaninmu zai tuna da tagar nan ta gabas, kusa da kwalaben da aka jiƙa kwaɗi da macizai. A bakin tagar akwai wata shuka mai dogayen ganye a tsaye kamar takubba, kore mai zane-zane a kwance, gefen kowane ganye kuwa rawaya ne tun daga gindi har tsini, kamar an bi shi da fenti. Ta Malaminmu ce na kimiyyar halittu, Allah ya jiƙansa. Wannan da ke gabanku ba irinta ba ce kurum, ita ce da kanta, domin daga jikinta aka yanko ta, kuma kafin in sauka daga nan za ku ga abin da ya sa na dage a kan wannan bambanci.

Waɗanda muka yi makaranta tare ba sa bukatar in tuna musu da farin 1983 da 1984. Famfo ya ƙafe, rijiyar bayan ɗakin girki ta koma laka, sai tankar ruwa ta zo mu yi layi da bokitai, ga shi kuwa zamanin WAI ne, wanda ya tsallake layi ya san sauran. Bokiti ɗaya za ka yi wanka, ka wanke kayan makaranta, ka rage na sha. Furannin da aka shuka a gaban ofishin Shugaban Makaranta duk suka ƙone, har shingen da ke kewaye da filin taro ya zubar da ganye. A wannan shekara ce Malam ya ba ni riƙon mabuɗin ɗakin gwaje-gwaje, ni ke shara, ni ke wanke kwalabe. Da yake ina neman shiga a wurinsa, sai na riƙa rage kofi ɗaya daga ruwana kullum da safe ina zuba wa shukar nan a ɓoye, ina jiran ranar da zai gane ya yaba mini. Ya kuwa gane, amma ba yabo na samu ba. Ya tura yatsa cikin ƙasar tukunyar, ya zaro, ya dube ni ta saman tabarau yadda kuka san yana yi, ya ce, "Kai, wa ya aike ka? Wannan ba ƙishi ke kashe ta ba, ƙoshi ne. Je ka sha ruwanka." Muka tafi dogon hutu, aka kulle ɗakin wata biyu cur ba wanda ya ba ta ko ɗigo, muka dawo muka same ta tsaye kamar jiya muka rabu.

Ranar da muka gama jarrabawar WAEC na je mayar da mabuɗi, sai ya juye tukunyar a kan tebur, ya sa wuƙa ya yanko ɗa guda da saiwarsa, ya dasa mini a gwangwanin madara da ya huda wa gindi da ƙusa. Abin da ya ce da ni ke nan, "Ka riƙe mini." A kan cinyata na ɗauke ta a bayan a-kori-kura har garinmu.

Bari in ɗan gabatar muku da ita, tunda da yawanku kun sha ganinta a bankuna da otal-otal, kuna ɗauka daga Turai aka kawo ta. Ba baƙuwa ba ce. Asalinta Afirka ta Yamma ne, daga Nijeriya zuwa Kwango. 'Yar'uwarta ta jini tana nan a dazuzzukanmu, a gindin suri da inuwar manyan itatuwa, ita ce moda, wadda kakanninmu ke bugawa su cire zarenta su tufka igiya da tsirkiyar baka. Yaran yanzu kada su rikita ta da moɗa ta shan ruwa a randa. Masana sun daɗe suna kiran wannan ta gida da sunan Sansevieria trifasciata, har zuwa 2017, lokacin da binciken ƙwayoyin gado ya sa aka mayar da ita cikin dangin Dracaena, amma masu sayar da furanni har gobe tsohon sunan suka riƙe. Wannan mai gefen rawaya kuwa ana ce mata Laurentii, da sunan wani masanin tsirrai ɗan ƙasar Beljiyam, Emile Laurent, wanda ya same ta a Kwango, shi kuma ya rasu cikin jirgin ruwa a 1904 a hanyarsa ta komawa gida. Turawa suna yi mata laƙabi da harshen surukuwa, wai don tsawo da kaifi. Ni dai ban taɓa faɗin wannan suna a gidana ba, kuma ina ba ku shawara ku yi koyi da ni.

Abin da ya sa ta jure wancan dogon hutu shi ne yadda take numfashi. Yawancin tsirrai, kamar dawa da masara da mangwaro, da rana suke buɗe 'yan ƙananan kafofin da ke jikin ganyensu su shaƙi iskar kabon, kuma ta waɗannan kafofi ne ruwan jikinsu ke tsere wa. Ita kuwa moda da rana rufe kafofinta take yi ruf. Sai dare ya yi, gari ya yi sanyi, sannan ta buɗe ta shaƙi iskar, ta adana ta a cikin ganye a matsayin wani sinadari mai tsami, idan rana ta fito ta yi amfani da shi ta haɗa abincinta ƙofa a kulle. Wato cefane da dare, girki da rana. Abarba ma haka take yi. Bugu da ƙari ganyen kansa rumbun ruwa ne, haka nan tushen da ke tafiya a ƙarƙashin ƙasa, mai kauri kamar citta, mai launin ruwan goro. Sai dai wannan tattali yana da farashi, domin ba ta saurin girma. Idan ta ba ka sabbin ganye uku ko huɗu a shekara, ka gode.

To, ga inda na fara jin kunya. Bayan na gama karatun aikin gona na kama aiki, na ɗauka babu abin da ya rage mini a sanin tsiro. Na karanta cewa ana iya yanka ganyen moda gunduwa-gunduwa, a kafa a yashi, kowace gunduwa ta yi saiwa ta fitar da ɗa. Gaskiya ne kuwa, haka abin yake. Ana gab da bikina sai na ce bari in yi abin da ba a saba ba, in raba wa abokai shukar Malam a matsayin tukuici. Na sare manyan ganye huɗu, na yanka su tsawon tafin hannu, na yi wa ƙasan kowace gunduwa alama, domin idan ka kafa ta kai a ƙasa ba za ta taɓa yin saiwa ba. Na jera su a kwalaye, na raba. Wasu daga cikin waɗanda suka karɓa suna zaune a nan, ina ganin ɗaya yana dariya. Bayan watanni 'ya'ya suka fito, lafiyayyu, masu ƙarfi, amma ko ɗaya babu mai gefen rawaya. Dukansu kore ne fes, irin wadda za ka tsinta a bakin kwata. Wani abokina har ya aiko mini da saƙo cewa na riƙe mai kyau na ba su ta banza.

Na ɗauki gunduwa ɗaya da ɗanta na zo wurin Malam, a lokacin yana gab da ritaya. Ya yi dariya har da tari, sannan ya ɗauki alli ya koma bakin allo, ni kuma na zauna a bencin da na bari shekaru da suka wuce. Ya ce in dubi shukar kamar babbar riga mai shafi. Yadi biyu ne aka haɗa, na jiki daban, na shafi daban. A can ƙwayar idon da sabon ganye ke fitowa, ƙwayoyin halitta a jere suke hawa-hawa, kuma a wannan iri hawa ɗaya ya rasa ikon yin sinadarin kore, wato kulorofil, shi ne ke fitowa rawaya a gefen ganye. Muddin sabon ɗa daga idon tushe ya fito, to da jerin nan gaba ɗaya zai fito, riga da shafinta. Amma idan ganye ka yanka, babu ido a jikinsa, dole shukar ta ƙirƙiri sabo daga 'yan ƙwayoyin da ke bakin yankan, kuma kusan kullum daga koren ciki take farawa. Ka yanko ƙyalle daga tsakiyar riga ka ce a ɗinka maka sabuwa, ina za a samo shafi? Wani lokaci ɗan yakan fito daga ɓangaren rawayan, ya fito fari sol, shi kuma ba ya iya ciyar da kansa, da abincin gunduwar ya ƙare sai ya mutu. Irinta ma idan ka shuka ba ka da tabbacin samun gefen.

Ku duba abin da wannan ke nufi. Gefen rawayan nan ba a sayensa da taki, ba a koya wa shuka shi. Hannu da hannu yake tafiya, tushe daga tushe. Wanda ya ba Malam daga tushe ya yanko masa, shi ma wanda ya ba shi haka. Shi ya sa na ce muku wannan ba irin ta Malam ba ce, ita ce.

Tunda na yi niyyar in ɗora wa wasunku wannan kaya yau, dole in faɗa muku yadda ake riƙonsa. Ku fara da tukunya. Ta ƙasa, irin ta maginanmu, ta fi ta roba nesa ba kusa ba, domin jikinta na shan iska, ƙasar ciki na saurin bushewa. Kowace iri ce dai, a huda gindinta. Tukunya marar huji kabari ce, komai kyanta. Kada kuma ku ce za ku yi mata gata da ƙatuwar tukunya, domin ƙasar da saiwa ba ta kai gare ta ba ruwa kawai take riƙewa. Moda ta fi son matsi. Nakan bar tawa shekara uku ko huɗu kafin in sauya mata, kuma sau biyu tushen da kansa ya tsaga mini tukunya, wanda shi ne sallamarta idan gida ya yi mata kaɗan.

Ƙasa kuwa, ku manta da ta fadama da duk wata mai yumɓu. Ni ga yadda nake haɗawa: mudu biyu na yashin rafi mai tsakuwa-tsakuwa, mudu ɗaya na jigawa, mudu ɗaya na takin shanu da ya shekara ya zama gari, sai in farfasa gawayi cikin tafin hannu biyu in zuba. Ɗanyen taki gara yake kira, shi ya sa ma nake ɗora tukunyar a kan bulo maimakon in ajiye ta a ƙasa. Gwajin mai sauƙi ne. Idan ka zuba ruwa ya tsaya a sama yana kallonka, haɗin bai yi ba, ƙara yashi. Takin zamani ba dole ba ne. In za ka sa, 'yan ƙwayoyi kaɗan na NPK a farkon damina sun isa shekara. Yuriya kuwa ku bar wa masara, domin takan sa ganyen ya yi tsawo ya yi laushi ya kwanta.

Sai ruwa, wanda a nan ne mutane da yawa ke kashe ta, kuma da kyakkyawar niyya. Kada ka yi mata ranar ban ruwa kamar ranar kasuwa. Ka tambayi ƙasar. Ka samu tsinke irin na tsire, ka soka har gindin tukunya, ka zaro. Idan ya fito da danshi ko ƙasa ta manne masa, ka tafi abinka. Idan ya fito a bushe, to ka ba ta ruwa sosai har ya zubo ta huji, ka zubar da wanda ya taru a faranti, ka kuma manta da ita. A gidana hakan yakan kama kwana goma zuwa mako biyu a bazara, da hunturu kuwa sau ɗaya a wata ya wadatar. A gefen tukunya ake zubawa, ba a tsakiyar ganyen ba, domin ruwan da ya kwanta a wannan mazurari shi ke fara ruɓar da zuciyarta. Idan ruwan rijiyar burtsatsenku mai gishiri ne za ku ga farin ɓawo a bakin tukunya, sai ku riƙa tara mata ruwan sama. Kuma shukar na magana, in ka iya saurare. Ganye ya yi tamoji a tsaye, ƙishi ne, kwana biyu bayan ban ruwa zai cika. Ganye ya yi laushi daga gindi, ya yi rawayan da ba nasa ba, ka ja shi ya biyo hannunka yana wari, wannan ruɓa ce, kuma ta riga ta yi nisa.

Maganar haske tana da ɗan sarƙaƙiya, saboda gefen nan. An ce moda na rayuwa a ɗaki mai duhu, kuma haka ne, tana rayuwa, kamar yadda muka rayu da tuwon makaranta. Amma ɓangaren rawayan ba ya haɗa abinci, koren ne ke ciyar da shi, saboda haka mai gefen rawaya ta fi korenta zalla bukatar haske. A duhu sabbin ganye kan fito sirara, launin ya dushe. Sannan kuma wannan rawayan shi ne farkon ƙonewa idan ranar tsakar watan Afrilu ta same shi, lokacin da zafi kan haura digiri 40 a garuruwanmu, kuma tabon ƙuna ba ya warkewa. Malam bai zaɓi tagar gabas a banza ba: hantsi ya same ta, azahar ta same ta a inuwa. Baranda mai rufi ma ta yi. In za ka fitar da ita daga ɗaki zuwa waje, a hankali za ka saba mata, mako biyu a inuwa tukuna. Da hunturu ku riƙa goge mata ƙura da tsumma mai danshi, ba da mai ba, ba da madara ba, kamar yadda na ga ana yi a wani ofis. 'Yan'uwanmu da ke zaune a Jos da Mambila su shigar da ita ɗaki idan sanyi ya tsananta, domin ƙasa da digiri 10 yana yi mata illa, balle a ce ƙasarta a jiƙe take.

Ƙwari ba su cika damunta ba, sai wani fari mai kama da ɓarɓashin auduga da ke ɓuya a matsematsin ganye. Auduga da ɗan sifirit sun ishe shi, ko ruwan ganyen darbejiya da ɗan sabulu. Ku kiyaye tsinin ganye, in ya karye ganyen yakan daina tsawo. Abu ɗaya kuma da ke bukatar taurin zuciya: wata rana za ka ga ɗa ya fito kore zalla a cikin tukunyar. Zai fi sauran ƙarfi da saurin girma, tunda duk jikinsa na aiki, kuma in ka ƙyale shi, cikin 'yan shekaru shi da zuriyarsa za su cinye tukunyar. Ka tona ka yanke shi daga tushe, ka dasa shi daban in kana tausayinsa.

Akwai maganganu biyu da ake yawan yi a kanta da nake so in gyara. Ta farko, wai tana tace iskar ɗaki. Asalin zancen wani bincike ne da hukumar NASA ta Amurka ta fitar a 1989, inda aka sa tsirrai, har da wannan, a cikin akwatunan da aka toshe, aka ga suna rage wasu gurɓatattun sinadarai. Amma ɗakinka ba akwati ba ne. A 2019 wasu masana biyu na Jami'ar Drexel suka bi irin waɗannan gwaje-gwaje suka yi lissafi, suka ce sai ka jera tsirrai 10 zuwa 1,000 a kan kowane murabba'in mita kafin su yi abin da shigar iska daga waje ke yi. Saboda haka buɗe taga ya fi. Ta biyu, wai tana korar maciji. Zanen ganyen ne ya yi kama da fatar maciji, shi ke nan dangantakarsu. Ni da idona na tsinci saɓar maciji a tsakanin tukwanena. Abin da yake gaskiya shi ne ganyen na da wani sinadari mai kumfa da ke sa amai da gudawa idan yaro ko kyanwa suka tauna, don haka a ɗaga ta daga inda mai rarrafe zai kai.

Yanzu bari in faɗa muku abin da ya sa na ɗauko tukunya maimakon takarda. Shekarar da Malam ya rasu, an tura ni wani kwas na wata uku, a tsakiyar damina. Na tafi ban bar wa kowa wasiyya a kanta ba, laifina ne. Mutanen gida, da suka san yadda nake ji da ita, suka ga ana ruwa suka ce bari ita ma ta sha, suka fitar da ita tsakar gida, daidai ƙarƙashin indararo, aka kuma ɗora ta cikin wani tsohon baho don kada laka ta ɓata siminti. Haka ta kwana cikin ruwa watan Agusta gaba ɗaya. Ranar da na dawo, tun daga zaure na jiyo warin. Ganye goma sha wani abu, duk sun kwanta kamar dafaffen yakuwa. Uwargida ta tsaya a bakin ƙofa ta kasa cewa komai, ni ma ban ce ba.

Washegari na kamo hanya na zo makarantar nan, da nufin in roƙi ɗa ɗaya daga uwar. Na tarar an yi wa ɗakin gwaje-gwaje kwaskwarima, an sa sabbin tagogi, kuma babu wanda ya san inda tukunyar ta shiga. Na biya ta gidan Malam, iyalinsa suka ce ai bai taɓa kawo ta gida ba, a makaranta ya bar ta don yara. Waɗanda na raba wa a bikina kuwa kun ji abin da na ba su. Ina iya shiga kowane lambun sayar da furanni in sayi Laurentii da kuɗin da bai kai na buhun gawayi ba, babu mai ganewa. Amma mutumin ce mini ya yi in riƙe masa.

Na koma gida na juye tukunyar a kan buhu, na sa hannu cikin wannan ɗoyi ina lalube. Tushen duk ya narke, sai can a jikin bangon tukunya na ji wani abu mai tauri, bai fi tsawon babban yatsa ba, da ɗan ido guda. Na ƙona wuƙa a wuta, na riƙa yanke ruɓar sala-sala har na kai ga farin nama mai tsabta, na barbaɗa toka a bakin yankan, na ajiye shi a inuwa kwana uku ya bushe. Sannan na kwantar da shi a busasshen yashi, na rufe shi sama-sama, na hana shi ruwa mako guda, bayan nan ma sai cokali biyu a gefe. Haka ake raba ta ko da lafiyarta ƙalau, sai dai a farkon damina ya fi, kuma a bar wa ɗan ganyensa da saiwarsa. Wannan kuwa ba ganye ba saiwa. Wata ɗaya, shiru. Wata biyu, shiru. Sau nawa na kai hannu zan tona in gani, in tuna da tabarau ɗin nan in janye. Sai a wata na huɗu, da hunturu ya kama, na ga wani ɗan tsini ya huda yashi kamar ƙahon ɗan akuya. Ban yi murna ba tukuna, domin tsinin a naɗe yake fitowa, ba ka iya sanin ko da shafi ko babu. Na ƙara jiran mako uku. Ranar da ganyen farko ya buɗe, uwargida ce ta fara gani, ta shigo da gudu ba ko ɗankwali, tana cewa, "Malam, fito, da rawayan!"

Daga wannan ɗan yatsa ne duk abin da na zo da shi yau ya fito. Sau ɗaya ma ta yi mini fure, wani dogon zangarniya mai fararen furanni da ba sa ƙamshi sai dare, suna ɗigar da wani ruwa mai danƙo da tururuwa ke bi. Abin da na ɗauka daga wancan Agusta shi ne ba zan sake barin ta a hannun mutum ɗaya ba, ni ma shekaru sun fara ja.

A bayan zauren nan, kusa da teburin rajista, akwai tukwane goma sha biyu, kowace daga tushe na yanko ta, kowace da gefenta. Ta farko ta iyalin Malam ce, ɗansa yana tare da mu, kuma ina roƙon Shugaba ya miƙa masa da hannunsa. Ta biyu ta ɗakin gwaje-gwaje ce, na riga na yi magana da malamar da ke koyar da darasin yanzu, ta nuna mini tagar da za ta ajiye ta, ta gabas. Biyu na iyayenmu malamai ne, su sasanta a tsakaninsu, ba ni shiga. Sauran takwas na duk wanda ya riga ne, amma da sharaɗi. Sakatare zai rubuta sunanka. Ba za ka yanka ganye ka ba wani ba. Kuma a taron da za mu yi nan da shekara biyu za ka dawo da ɗa guda a gwangwani, mu ba wani. Wanda na raba wa kore a bikina, wanda ya ce na riƙe mai kyau, na ware masa tasa daban, tana cikin mota, ya same ni bayan an ci abinci.